Keso: Nazari a Kan Lambar Dubu Ashirin

Kafin zuwan kuɗin Turawa a farkon ƙarni na 20, da wuri ake ciniki a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran sassan Daular Usmaniyya. Babban ma'aunin wuri shi ne keso, watau wuri 20,000. Manufar wannan ɗan bayani ita ce a duba halayen wannan lamba, a ga inda ta sauƙaƙa lissafi da inda ta gaza.

Da farko, in aka yi ta raba 20,000 da biyu, za a yi haka sau biyar kafin a tsaya a 625. Ita kuwa 625 tana rabuwa da biyar har sau huɗu. Ashe ke nan da tubala iri biyu kurum aka gina keso: biyu da biyar. Daga nan ake gane yawan lambobin da ke raba shi ba saura. Sai a ƙara ɗaya a kan sau biyar ɗin nan, a ƙara ɗaya a kan sau huɗun, a ninka shida sau biyar, a sami 30. Cikinsu akwai 8, 40, 200, 500 da 2,500.

Wannan siffa ta dace da kasuwa ƙwarai, domin biyar-biyar masu ƙidaya ke jan wuri suna tara shi tsibi-tsibi. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, watau keso dala takwas ne cif. Haka kuma ushirinsa 2,000 ne, rubu'in ushirinsa 500.

Amma fa in aka zo rabon gado, sai labari ya sha bamban. Nisfi da rubu'i da sumuni duk suna fita daidai: 10,000 da 5,000 da 2,500. Sulusi da sudusi kuwa ba sa fita, saboda babu uku cikin tubalan keso. Sulusinsa 6,666 ne, sudusinsa 3,333, kowanne da ragowar wuri biyu. A ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya. Mata na da sumuni, uwa na da sudusi, don haka malaman fara'ili ke kasa dukiyar kashi 24. Kowane kashi zai tashi 833, a bar wuri takwas a ƙasa, ga shi kuwa wuri ba ya tsaguwa. Sai dukiya ta kai keso uku, 60,000, sannan uku ke shigowa, kowane kashi ya tashi 2,500 daidai.

A taƙaice, amfanin lamba wajen rabo ba ga girmanta yake ba, yana ga tubalan da suka gina ta. Ya kamata ɗaliban Hausa masu nazarin ƙidayar gargajiya su riƙa lura da wannan.