Rimin Ƙofar Gidanmu da Rimayen Zariya

Ina zaune a rumfata a Kumasi ina lissafin buhunan albasa da suka iso daga Galmi, sai ga wayar ƙanena daga Zariya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, rimi fa ya yi ɓarna." Ashe a daren jiya an yi ruwa da iska, wani ƙaton reshe ya ɓalle ya faɗa kan kwanon maƙwabcinmu. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Ya ce masu injin yanka katako sun zo har sun yi tayi, kuma shi a ganinsa a sare kawai, a gina shaguna biyu a wurin.

Wallahi ranar ban iya ƙarasa lissafin nan ba. Shekara 27 ke nan ina wannan ƙasa, amma duk lokacin da na tuna gida, rimin nan nake fara gani kafin zaure.

Wanda ya san birnin Zariya ya san abin da nake nufi. Tun kafin ka iso ganuwa, ko ta Ƙofar Doka ka biyo ko ta Ƙofar Gayan, rimaye ne suke fara yi maka maraba, sun miƙe sun kere komai. Dattawanmu sukan ce da su fatake suke gane sun kusa gari, kuma a gindinsu ake sauke kaya a huta. Shi ya sa aka yi masa kirari da "rimi adon gari". Unguwanni ma da shi aka raɗa musu suna, ga Rimin Tsiwa, ga Rimin Doko, ga Rimin Danza. Haka abin yake a Kano, inda ake da Kasuwar Rimi da Rimin Gado, Kaduna kuma tana da Unguwar Rimi. Yau yaro zai ce maka shi ɗan Rimin kaza ne, ka ce ya nuna maka bishiyar, sai ya tsaya yana kallonka.

Kakanninmu ba don ado kaɗai suka bar rimi a tsakiyar gari ba. Da sanyin hunturu yakan zubar da ganye ya yi fure. Furen da dare yake buɗewa, jemagu su yi ta zuwa shan zaƙinsa, su ne kuma suke kai garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan har ta yi 'ya'ya. Idan zafi ya fara shigowa sai kwanson ya fashe, auduga ta yi ta tashi, unguwa ta yi fari fat. Mu yara mu bi da kwando muna tsinta, iyaye mata suna yi mana tsawa kada mu kusanci murhu, don audugar rimi da wuta ba su ga maciji. Ba ta kaɗuwa a yi zare kamar audugar gona, tana da santsi. Amma ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa, saboda haka da ita ake cusa matashi da katifa. Da ita ake cika lifidin dawakin yaƙi. Turawa ma sun daɗe suna sa ta a rigar da ke hana mutum nutsewa a teku. Itacensa mara nauyi ne, a bakin kogi da shi ake sassaƙa kwalekwale.

Sai kuma zancen iskoki. Muna yara an hana mu zama a gindin rimi da tsakar rana ko bayan magariba, wai lokacin masu wurin suke fitowa. 'Yan bori sun ɗauke shi gidan iska, kamar yadda suka ɗauki tsamiya da kuka. Akan ce ba a sa masa gatari sai an nemi izini, wanda ya yi gangancin haka ba ya kwana lafiya. Da na zo nan sai na tarar Asantawa ma haka suke ji da shi, suna kiransa onyina, suna girmama shi. Ni dai Musulmi ne, na san ba mai cuta ko warkarwa sai Allah. Amma da na girma na gane hikimar tsofaffi: reshen rimi gautsi gare shi, yakan ɓalle ba sallama, kuma macizai suna son lungunan saiwarsa. Tsoron nan ya tsare yara, ya kuma tsare bishiyar daga gatari shekara da shekaru.

To yanzu tsoro ya tafi, katifar soso ta kashe kasuwar auduga, magina suna neman katako mai araha na zuba dakin. Mun haƙa harsashi mun datse saiwa, mun malale gindinsa da siminti, muna ƙona shara a jikinsa. Idan ya gaji ya yar da reshe sai mu ce ya zama mugu. Babu kuma mai dasa wani.

Abokan kasuwancinmu na Saliyo sun ɗanɗana wannan. A tsakiyar Freetown akwai wani tsohon rimi da ake cewa a gindinsa 'yantattun bayi suka taru suka yi addu'a da suka sauka a 1792. Har a kuɗin ƙasar an sa hotonsa. Ranar 24 ga Mayu, 2023, ruwa da iska suka kayar da shi, ƙasa gaba ɗaya ta yi juyayi kamar an rasa babban mutum.

Da na je gida bayan Babbar Sallah muka zauna a zaure. Na fara kawo tarihi, sai ƙanena ya ce, "Yaya, kai kana Kumasi kana tuna inuwa, mu ne muke kwana a ƙarƙashinsa da 'ya'yanmu." Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce. Mu da muke waje mun iya son kayan gado daga nesa, wahalar kuma mu bar wa na gida. Inna tana jin mu daga ciki, sai ta leƙo ta ce, "A gindinsa aka ɗaura aurena, a nan aka sallaci mahaifinku. Amma rai ya fi itace. Ku nemo wanda ya sani ya duba."

Muka samo wani dattijo da ya yi shekaru yana hawan manyan bishiyoyi. Ya zagaya yana ƙwanƙwasa jikin da ƙotar gatari yana saurare, sannan ya sa yaronsa ya hau. Ya ce uwar lafiyarta lau, rassa biyu ne suka ruɓe, kuma gefen da ake ƙona shara ne. Na biya gyaran kwanon maƙwabci, aka sauke rassan da igiya, aka fasa simintin gindin, mai unguwa ya hana zuba shara a wurin. Muka yi alkawari duk shekara kafin damina za a duba, kuɗin a wuyana. Ranar da aka ce cikinsa ya zama kogo, ni zan fara cewa a sare.

Shagunan ƙanena kuwa, na ba shi jari ya kama haya a bakin titi. Da auduga ta fashe ya tsinci iri ya shuka a gonarmu, biyu sun tsiro, ya zagaye su da ƙaya saboda awaki.

Don Allah 'yan'uwa, in kun je gida ku zaunar da tsofaffi ku tambaye su labarin bishiyar unguwarku, ku ɗauka a waya, yaran da muka haifa a zango su ji. In kuna turo kuɗin gini, ku ware kaɗan na kula da ita. Jiya ƙanena ya turo mini hoton na gona, ɗaya ya kai ƙirjinsa. Allah ya raya su, ya sa jikokinmu su sha inuwa.