Ko Ka Sani? Goɗiya Mai Ciki, Maganin Mata da Ƙwayar Tayirod

Ko ka san ɗaya daga cikin magungunan mata mafiya daɗewa a kasuwar duniya daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi? Sunansa Premarin. Kamfanin Ayerst na birnin Montiriyal ne ya fara sayar da shi a Kanada a 1941, Amurka ta amince da shi a 1942, kuma har yau likitoci na rubuta shi, wani lokaci ƙwayar haɗiya, wani lokaci man da ake sakawa a gaba. Kamfanin bai taɓa ɓoye asalinsa ba. Masu amfani da shi ne dai ba su cika tambaya ba.

Abin da ke cikinsa istirojin ne, sinadarin da gidan ƙwan mace ke samarwa tun daga balaga. Idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin sai ya yi ƙasa warwas. Wasu matan su yi ta fama da zafin da ke taso musu daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare. Wannan yakan lafa bayan 'yan shekaru. Wanda ba ya lafawa shi ne na ƙasa: fatar cikin farji takan yi siriri ta bushe, ga ƙaiƙayi, ga raɗaɗi lokacin saduwa, ga ciwon mafitsara mai tafiya yana dawowa. Kunya takan hana a faɗa wa likita, sai a koma ga matsin kayan mata, wanda sau da yawa ƙara wa fatar da ta riga ta yi rauni ciwo yake yi.

To me ya kawo doki cikin zancen? A 1929 masana biyu, Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa da aikinsa daban, suka ware istirojin tsantsa daga fitsarin mata masu juna biyu. Kamfanin Ayerst ya gwada yin magani ta wannan hanya, mai suna Emmenin, amma tara fitsarin mutane aiki ne mai tsada, abin da ake samu kuma bai taka kara ya karya ba. Ana haka likitan mata Bernhard Zondek ya nuna cewa fitsarin goɗiya mai ciki cike yake da wannan sinadari. Shi ne kuma daga baya ya gano abin da ya ba masana mamaki, wato fitsarin ingarma, namijin doki da ake yi wa kirari da ƙarfi, shi ma maƙil yake da sinadarin da ake kira na mata.

Abin sha'awa a nan, ba goɗiyar ce ke yin aikin ita kaɗai ba. Cikin doki wata goma sha ɗaya ne, kwana 340 ko kusa da haka. Daga tsakiyar cikin, 'ya'yan marainan ɗan da ke ciki, ko gidan ƙwansa idan mace ce, sai su yi ta girma har su fi gidan ƙwan uwar. Su ke fitar da kayan haɗin, mabiyiya ta karɓa ta mayar da su istirojin, ya shiga jinin uwa, ƙoda ta tace shi zuwa fitsari. Yawansa kan kai ƙololuwa wajen wata na bakwai, sannan waɗannan gaɓoɓi su sake ƙanƙancewa kafin haihuwa. Ashe dai maganin da dattijuwa mai shekara sittin ke amfani da shi, dukushin da ko numfashin duniya bai shaƙa ba ne ya faro shi. A cikin haɗin akwai nau'o'i irin su ikwilin da ikwilenin, waɗanda jikin mace ba ya yin su amma yana amsa su.

Gonakin tara fitsarin sun fi yawa a yammacin Kanada, a Manitoba da Saskatchewan, masana'antar tacewa kuma tana garin Brandon na Manitoba. An fi son manyan dawakin jan kaya irin su Percheron, don girman jiki na nufin yawan fitsari. Daga wajen Oktoba zuwa Maris, lokacin hunturu, goɗiyoyi na tsaye a barga, an ɗaura musu wata 'yar roba da ke karɓar fitsarin. Masu kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna sukar wannan sana'a, saboda ƙuncin wurin tsayuwa da kuma dukusan da yawansu kan ƙare a mayanka. Masu gonakin na cewa akwai ƙa'idoji da likitocin dabbobi masu duba su. Duk wanda ya taɓa ganin yadda doki ke turjiya idan ya daɗe a turke ba a kilisa da shi ba, zai yi wuya ya ce masu sukar ba su da hujja.

Kasuwar ta girgiza a Yulin 2002. Wani babban bincike na gwamnatin Amurka kan lafiyar mata, mai mata 16,608, an tsayar da shi kafin wa'adinsa, domin masu shan haɗin wannan istirojin da wani sinadarin sun ɗan fi sauran kamuwa da sankarar mama da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini. Mata suka yi ta watsar da ƙwayar, kamfani ya rage gonaki sosai. Tsoron ya shafi har man sakawa a gaba, alhali abin da aka gwada a binciken ƙwayar haɗiya ce. Yanzu Pfizer ke da maganin, tun da ya sayi Wyeth, kamfanin da ke riƙe da shi, a 2009.

Can a gefe kuma akwai tayirod, 'yar gaɓar nan ta gaban wuya da idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke fitar da tairoksin, sinadarin da ke saita saurin aikin jiki. Idan ta yi rauni mutum ya dinga jin kasala da sanyi, jiki ya yi nauyi, ciki ya ƙulle, tunani ya yi sanyi. Ciwon ya fi kama mata, kuma yana ƙaruwa da shekaru, shi ya sa mace ɗaya kan tsinci kanta da matsalolin biyu a lokaci guda. Shi ma maganinsa daga dabba ya faro. A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata mai shekara 46 allurar ruwan tayirod ɗin tunkiya, ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya. Har yanzu akwai irinsa da ake yi da tayirod ɗin alade, amma wanda aka fi sha ko'ina shi ne libotairoksin, haɗin masana'anta ne.

Ga inda magungunan biyu ke karo. Kusan duk tairoksin da ke cikin jini a ɗaure yake jikin wasu furotin da hanta ke ƙerawa, mafi muhimmancinsu ana kiransa TBG. Wanda ke sake, wanda shi ne ke shiga gaɓoɓi ya yi aiki, bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba. Ɗauki na ɗaure a matsayin hatsin rumbu, na sake kuma wanda aka ɗebo don tuwon yau. Istirojin idan ya isa hanta da yawa, sai TBG ya ƙaru kuma ya daɗe a jini, kamar an ƙara gina rumbuna ne a gida, kowanne na neman a cika shi. Macen da tayirod ɗinta ke lafiya tana da gona, sai ta ƙara noma ta cike giɓin, ba ta ma san an yi ba. Wadda ke rayuwa da ƙwaya ɗaya kowace safiya kuwa awo ake yi mata, kuma mudun bai canja ba. Rumbu ya ja nasa, tukunya ta rage.

Likita Baha Arafah na birnin Cleveland ya auna wannan a wani bincike da ya fito a 2001. Ya ba mata 36 da suka daina al'ada ƙwayar istirojin irin ta goɗiya, miligiram 0.625 kullum, tsawon mako 48. Mata 11 masu lafiyar tayirod, TBG ɗinsu ya hau amma komai ya daidaita da kansa. A cikin mata 25 masu shan tairoksin, goma sai da aka ƙara musu magani. Abin da ke tona asirin ƙarancin shi ne gwajin jinin TSH, saƙon da wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke aika wa tayirod. Idan tairoksin ya yi ƙasa TSH ya hau. Irin wannan ne ke faruwa da mai juna biyu, shi ya sa ake ƙara mata maganin tun farkon ciki.

Sai dai waɗannan matan haɗiye ƙwayar suka yi. Duk abin da aka haɗiye, daga hanji hanta yake fara zuwa, da cikakken ƙarfinsa, kafin ya zaga jiki. Istirojin ɗin da aka liƙa a fata ko aka saka a gaba ba ya bin wannan hanya. Ɗan abin da ya tsallaka cikin jini sai ya gauraye da jinin jiki duka kafin hanta ta gan shi. Ga kuma ƙanƙantar ma'auni. Ƙwayar sakawa irin ta Vagifem maikurogiram 10 ce, kullum na mako biyu, daga nan sau biyu a mako. In aka tara na shekara guda bai fi miligiram 1.14 ba, alhali ƙwayar haɗiya guda ɗaya ta istiradayol, wani nau'in istirojin, miligiram 1 ce ko 2, kuma kullum ake shan ta. Zoben Estring da ake sakawa ya zauna kwana 90 yana sakin maikurogiram 7.5 ne a yini. Da irin wannan ma'auni istirojin ɗin jini yakan tsaya kusa da inda yake ga macen da ta daina al'ada, don haka galibin masu shan libotairoksin ba sa buƙatar a taɓa musu komai.

Man shafawar ne ke buƙatar a buɗe ido. Kowane giram ɗaya na man Premarin na ɗauke da miligiram 0.625, daidai da ƙwayar da Arafah ya bayar. Rabin giram sau biyu a mako kaɗan ne. Giram biyu kullum wani zance ne daban, don farji na tsotsar magani sosai, musamman a makonnin farko da fatar ke da siriri. Ƙwaya da zobe a aune suke zuwa daga masana'anta, shi kuwa mai, hannun mai shi ne ma'auni, kuma mun san halin mutanenmu da magani: in kaɗan ya yi daɗi, sai a ce da yawa zai fi. Akwai kuma zoben Femring, wanda da gangan aka yi shi ya isa jiki duka, ba a lissafa shi cikin masu ƙaramin ma'auni. Takardun da ke cikin kwalayen waɗannan magunguna, har da masu ƙaramin ƙarfin, suna ɗauke da jan kunne ga masu ciwon tayirod. A ganina wannan bai isa ya hana mace neman sauƙi ba, amma ya isa ya sa ta gwada TSH bayan mako shida zuwa goma sha biyu da farawa. Gwaji kafin mako shida ba ya faɗin gaskiya, don tairoksin na ɗaukar wajen mako guda kafin rabinsa ya bar jini, jiki bai gama daidaitawa ba tukuna. Waɗanda aka cire wa tayirod saboda sankara sun fi kowa buƙatar wannan kulawa. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko take ganin jini bayan al'ada ta ɗauke, likita za ta fara gani kafin ta saka komai.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ranar dainawa. Matar da aka ƙara wa tairoksin saboda tana haɗiyar istirojin, in ta daina ko ta koma na sakawa, maganin tayirod ɗin na iya yi mata yawa. Sai faɗuwar gaba, da rashin barci, da gumi, a hankali kuma ƙashi ya yi ta zaizayewa. Matsalar ita ce waɗannan alamu kamarsu ɗaya da na ɗaukewar al'ada, sai ta ɗauka tsohon zafinta ne ya dawo.

Musulmi mai karatu zai tambayi hukuncin fitsarin. A mazhabar Malikiyya fitsarin dabba na bin hukuncin namanta, kuma sanannen ra'ayi shi ne ba a cin doki. Malamai na da magana kan abin da aka tace har ya sauya kama, da kan lalurar magani, kuma wannan fagensu ne. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba tana da zaɓi, domin istiradayol da istirayol na ƙwayoyin sakawa da zobe a masana'anta ake haɗa su, daga sinadaran tsirrai irin su waken soya.

Sau da yawa ma idan TSH ya hau wa mace a waɗannan shekaru, ba man gaban ba ne ya jawo. Lokacin ne ake rubuta mata ƙwayar kalsiyam don ƙashi, ko maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, kuma dukansu biyu na riƙe libotairoksin a hanji su hana shi shiga jini. Shi ya sa ake shan sa da ruwa zalla, ciki babu komai, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, a kuma bar tazarar awa huɗu tsakaninsa da kalsiyam ko maganin ƙarin jini.