OSCAR 1: Tauraron ɗan'adam da aka haɗa a gareji, wanda jikansa ke kallon Filinge a yau

A ranar 12 ga Disamban 1961, shekara huɗu bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, wata roka ta tashi daga sansanin Vandenberg da ke Kalifoniya a Amurka, ɗauke da wani ɗan akwati mai nauyin kilo 4.5.

Sunansa OSCAR 1, tauraron ɗan'adam na farko da talakawa suka ƙera. Masu sha'awar rediyon oba-oba ne suka haɗa shi a garejin gidajensu, da kuɗin aljihunsu.

Aikinsa ɗaya ne: aika gaisuwar "HI" da harshen ƙararrawa na Morse. Saurin gaisuwar ke nuna zafin cikin akwatin. Kafin batirinsa ya mutu bayan kimanin mako uku, mutum fiye da 570 a ƙasashe 28 sun ji shi.

A 1965 aka harba OSCAR 3, wanda ke karɓar saƙo daga mutum ya miƙa wa wani a nesa. A 1969 aka kafa ƙungiyar AMSAT, sannan a 1970 aka harba wanda ɗaliban Jami'ar Melbourne ta Ostareliya suka ƙera.

Mene ne haɗin wannan da ƙasar Kurfai?

Duk ɗan ci-rani daga Filinge ya san zullumin kiran gida a ji layi ba ya shiga, musamman tunda 'yan bindiga suka riƙa lalata turakun sadarwa a sassan jihar Tillaberi.

Tun 2018 akwai na'urar QO-100 a jikin tauraron Es'hail-2 na Qatar. Tana tsaye wuri guda a sama, kuma tana ganin Afirka baki ɗaya. Da faranti irin na talabijin, da rediyon da ya dace, da hasken rana, ana iya magana daga Filinge zuwa Turai ba tare da turke ko ɗaya ba.

Sai dai akwai sharaɗi: dole a samu lasisin hukuma, ba a kasuwanci a kai, kuma kowa na iya sauraro.

Maƙwabta sun fara. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Akure a Najeriya, da haɗin gwiwar Japan, ta aika ɗan tauraronta mai kilo ɗaya, wanda a lokacin ya riƙa magana a zangon masu sha'awar rediyo.

A Nijar, lambar kiran masu wannan sha'awa da 5U take farawa, tana jiran matasan da za su nemi lasisi.