Dodon Gatana da Dodon Na'ura: Ko Wasan Kogon Dodanni Ya Dace da Yara?

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya, wasan yara ya shiga wani sabon yanayi wanda kakanni ba su san irinsa ba. A garuruwa kamar Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, yaron da a dā yake raba yininsa tsakanin makarantar allo da gona da dandali, yanzu yakan ari wayar wansa ko ta mahaifiyarsa ya shiga wata duniya dabam. Daga cikin wasannin da ke cikin waɗannan na'urori akwai wani jinsi wanda ake iya kira wasan kogon dodanni, shi ne kuwa ya fi tayar wa iyaye da malamai hankali saboda munin halittun da ke cikinsa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana ko mene ne wannan wasa, a gwada shi da dodon da Bahaushe ya gada, sa'an nan a fitar da ma'aunin da uba ko malami zai riƙa yin hukunci da shi.

Siffar Wasan da Asalinsa

Tsarin wasan ɗaya ne ko da sunaye sun bambanta. Mai wasa yakan ɗauki matsayin wani jarumi, ya sauka cikin kogo ko kurkukun ƙarƙashin ƙasa irin na gidajen sarakunan Turai na dā, ya bi ɗaki bayan ɗaki yana karo da dodanni. In ya kashe dodo sai ya sami makami ko dukiya ko ƙarin ƙarfi, ya gangara hawa na gaba, inda dodannin suka fi na baya ƙarfi. A can ƙarshe akwai babban dodo wanda sai an kayar da shi ake cewa an yi nasara.

Asalin wannan tsari shi ne wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Da takarda da alƙalami ake yin sa, mutum ɗaya yana ba da labari da baki, sauran suna faɗin abin da jarumansu za su aikata. Wajen 1980 waɗansu ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya suka mayar da tsarin cikin kwamfuta da sunan Rogue. A cikinsa babu hoton dodo ko ɗaya, harafi ne kawai yake tsayawa a madadin kowane dodo, mai wasa ya ƙarasa siffar a zuciyarsa. Da na'urori suka ƙara ƙarfi sai hoto ya maye gurbin harafi, har aka kai ga Diablo a 1997, wanda sunansa ma da harshen Sifaniyanci yake nufin Shaiɗan, cikinsa kuma cike yake da jini da gawarwaki. Amma a cikin wannan jinsin ne kuma ake samun Pokémon Mystery Dungeon na 2005 da Minecraft Dungeons na 2020, waɗanda aka tsara domin yara, dodanninsu kuwa sun fi kama da 'yar tsana. Ashe ke nan kalmar dodo ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci a kanta ba.

Dodo a Adabin Hausa

Ɗan Bahaushe ya san dodo tun kafin a ƙera na'ura. A ƙasar Gwandu da Kabi da Sakkwato, inda ake kiran tatsuniya da sunan gatana, dodo yana cikin manyan taurari tare da Gizo da Ƙoƙi. Ƙato ne mai gashi buzu-buzu, mazaunin daji ko ruwa, mai jin warin ɗan Adam daga nesa, mai haɗiye mutane da dabbobi. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa makarantu a farkon shekarun 1970, duk sun adana shi. A tatsuniyar Auta, dodo ne ya hana mutanen gari sakat da dare, har ƙaramin yaro ya halaka shi da duwatsun da ya gasa a wuta. A tarihihin Bayajida kuma, macijin rijiyar Kusugu ta Daura ne ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo ya sare kansa. Littafin Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934, shi ma ya kai jaruminsa duniyar aljannu.

Darasin da ke cikin waɗannan labarai a fili yake. Dodo ya fi yaro ƙarfi, amma yaro ya fi shi wayo, kuma wayo ne yake rinjaye. Ta haka ake koya wa yaro ya fuskanci tsoro yana zaune lafiya a gindin kakarsa, ya san cewa abin tsoro yana da magani. Masanin halayyar yara Bruno Bettelheim ya kawo irin wannan hujja game da tatsuniyoyin Turai a littafinsa na 1976. Bugu da ƙari, iyaye sun daɗe suna amfani da sunan dodo wajen hana ƙaramin yaro kusantar rijiya ko fita da dare.

Malaman da ƙasar Gwandu ta gada su ma ba su hana yaro wasa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa yake a garin Gwandu, ya taƙaita littafin Madkhal na Ibn al-Hajj a cikin nasa Lubab al-Madkhal, inda ladubban koyarwa suke da babban matsayi. Imam al-Ghazali, wanda malaman jihadi suka karanta ƙwarai, ya yi nuni a cikin Ihya cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa yana dushe masa basira. Har ila yau Abu Dawud ya ruwaito cewa a cikin kayan wasan Nana A'isha akwai doki mai fukafukai, da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gan shi kuwa dariya ya yi. Hutun Alhamis da Juma'a na makarantar allo shaida ne cewa al'umma ta ware wa yaro lokacin hutawa.

Inda Gatana da Na'ura Suka Rabu

Duk da wannan dangantaka, akwai bambance-bambance huɗu masu nauyi.

Na farko, da kunne ake karɓar gatana, wasan na'ura kuwa da ido. Yaron da ya ji an ce dodo, shi ne yake zana shi a zuciyarsa, kuma ba ya zana abin da ya fi ƙarfinsa. Na'ura kuwa tana kawo masa dodon da ƙwararrun masu zane suka ƙera, da haƙora da jini da ƙara. Binciken Joanne Cantor ta Jami'ar Wiskonsin ya nuna cewa ƙananan yara sun fi firgita da munin siffa, ko da halittar ba ta da mugunta, alhali manyan yara sun fi jin tsoron abin da zai iya aukuwa da gaske. Saboda haka hoton da ɗan shekara goma sha biyu zai yi wa dariya yana iya hana ɗan shekara biyar barci.

Na biyu, mai gatana tana kallon fuskokin jikokinta. In ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa sai ta sassauta murya, ko ta gaggauta halaka dodon. Na'ura ba ta san wanda ke riƙe da ita ba.

Na uku, gatana tana da lokaci kuma tana da ƙarshe. Da dare ake yin ta bayan an gama aikin yini, har ana tsoratar da yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata, in an ce ƙurunƙus kuwa kowa sai shimfiɗa. Da yawa daga cikin wasannin kogo an tsara su ne yadda ɗakunan za su sake siffa duk lokacin da aka shiga, ladan kuma ba a san sa'ar da zai faɗo ba. Wannan rashin tabbas shi ne yake riƙe mai wasa, yana cewa bari ya ƙara ɗaki ɗaya, har asuba ta riske shi.

Na huɗu, ba a biyan kuɗin gatana, baƙo kuma ba ya shiga tsakar gida ya zauna cikin yara. Wasannin waya da yawa kyauta ake saukar da su, amma a ciki ake sayar da akwatin sa'a, watau mutum ya biya kuɗi bai san abin da zai samu ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan akwati a matsayin caca, shi ya sa da aka fitar da Diablo Immortal na waya a 2022 ba a sake shi a Beljiyam da Holan ba. Waɗansu wasannin kuma suna da zauren hira inda yaro zai yi magana da wanda ba a san ko wane ne ba.

Abin da Bincike Ya Tabbatar

Tsoron da ya fi yawa a zukatan iyaye shi ne kada wasan kisa ya mayar da yaro mugu. A nan masana sun saɓa. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2015 cewa akwai alaƙa tsakanin wasannin tashin hankali da ƙaruwar zafin rai, amma ta ce hujja ba ta isa a danganta su da aikata manyan laifuffuka ba, ta kuma sake jaddada haka a 2020. Wani bincike da Andrew Przybylski na Jami'ar Okusfod da Netta Weinstein suka buga a 2019, a kan matasan Birtaniya kimanin dubu ɗaya 'yan shekara 14 da 15, bai gano wata alaƙa ba. Inda aka fi samun daidaito shi ne batun wuce gona da iri. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasan na'ura cikin jerin cututtuka, ta ce alamarsa ita ce mutum ya kasa sarrafa wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da cutarwa, galibi har tsawon wata 12. Ta kuma ce kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kaiwa ga wannan hali. A shekarar ce kuma ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana a gaban allon na'ura.

Ma'auni ga Iyaye da Malamai

Akwai hukumomin da ke rarraba wasanni bisa shekaru. Ta Amurka, ESRB, an kafa ta a 1994 bayan zaman da majalisar dattawan ƙasar ta yi a kan wasanni irin su Mortal Kombat. Ta Turai, PEGI, ta fara aiki a 2003, tana da matakai biyar: 3, 7, 12, 16 da 18, tare da alamomin da ke nuna ko akwai tsoro, ko zagi, ko caca, ko saye a cikin wasa. A wannan ma'auni Minecraft Dungeons ya sami 7, Diablo IV na 2023 kuwa ya sami 18. Kasuwar Google Play ita ma tana nuna irin wannan lamba a ƙarƙashin sunan kowane wasa. Sai dai akwai gyara biyu. Yaron da aka tura wa wasa daga waya zuwa waya, ko aka zuba masa a shagon caji, ba ya ganin lambar sam. Sa'an nan ma'aunin na waɗansu al'ummomi ne, ba ya auna abin da zai dami uba a Gwandu, kamar siffofin tsafi da tufafin da ba su rufe jiki ba. Lambar tana nuna inda za a fara dubawa ne kurum.

Abin da ya rage aikin gida ne. Ya kamata uba ko uwa ko yaya su zauna su kalli wasan da kansu kafin a bar wa yaro, su lura ko dodon yana ɓacewa ne kamar hayaƙi in an buge shi, ko kuwa jini ake zubarwa. A duba ko ana neman kuɗi a ciki, a rufe hanyar saye da ta hira da baƙi. A yanka masa lokaci kamar yadda aka yanka wa gatana, bayan karatu da salla da aikin gida, a tsakar gida inda ido ke gani, a karɓe wayar kafin barci. Daga nan a lura da yaron kansa. In ya fara firgita cikin barci, ko tsoron duhu, ko ɓoye waya, ko satar kuɗin data, wasan bai dace da shi ba ko wace lamba aka rubuta a kansa.

Kammalawa

Amsar tambayar ta rataya ne a kan wane wasa, wane yaro, kuma wa yake zaune kusa da shi. Ɗan ƙasa da shekara bakwai gatana ta ishe shi. Wanda ya haura haka yana iya yin wasan kogo marar jini, marar caca, mai iyakar lokaci, har ma ya koyi haƙuri da tsara dabara. Irin su Diablo kuwa masu yin sa ma sun yarda na manya ne.

Akwai kuma aikin da ke jiran masu ilmi. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, a tsakiyar ƙasar da gatana take da rai. In ɗaliban kwamfuta da na harshe suka haɗa kai, suka naɗi gatanar tsofaffin Gwandu da Kalgo kafin ta tafi da masu ita, suna iya ƙera wasan da Auta zai zama jaruminsa, wayo ya zama makaminsa, kuma a ji ƙurunƙus a ƙarshensa.