Ko Ka San Na'urar Da Ke Ɗaukar Kwamfutarka A Matsayin Ɓarauniya?

Akwai wata 'yar na'ura mai girman filas da masu ajiyar kuɗin kirifto ke saya da tsada, alhali ko sisi babu a cikinta. Kuɗin suna can a rubuce a kundin bulokcen, wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa. Abin da ke cikin na'urar mabuɗin sirri ne kawai, wata doguwar lamba da ake sa hannu da ita kafin kuɗi su motsa. Kamfanin SatoshiLabs na ƙasar Cek ne ya fara fitar da irinta kasuwa a 2014 da sunan Trezor, a shekarar ce kuma aka kafa Ledger a Faransa. Wannan duk sananne ne. Abin burgewar shi ne tunanin da aka gina ta a kai: maƙeranta sun fara aikinsu ne da ɗaukar cewa kwamfutar da za ka jona ta da ita ta riga ta faɗa hannun 'yan kutse. Burauzarka, manhajar walat ɗinka, har kebul ɗin da ke tsakani, duk a wajenta abin zargi ne. Da wuya ka sami wata na'ura a gidanka da aka ƙera da irin wannan mummunan zato, kuma mummunan zaton nan shi ne dukkan amfaninta.

Ka ɗauka wani mai hatimi ne zaune a ɗakin da ba shi da ƙofa, sai taga guda. Ɗan aike ya miƙo takarda ta tagar, ya karanta, in ya yarda ya buga hatimi ya miƙa masa, amma hatimin ba ya fita har abada. Haka haɗin yake. Manhaja irin su MetaMask ce ke shirya ciniki, wato nawa za a tura da kuma adireshin da za a tura wa, ta miƙa ta USB ko Bluetooth. Na'urar ta sa hannu a cikin cikinta, ta dawo da sa hannun kaɗai. Lissafin da ke ƙarƙashin abin hanya ɗaya yake bi: kowa na iya tabbatar da cewa sa hannun na gaskiya ne, amma ba a iya bin sawunsa a gano mabuɗin. Shi ya sa ko ɗan aiken ɓarawo ne, ba zai taɓa riƙe hatimin ba. Ita kanta tagar ma an yi gardama a kanta. Chrome ya buɗe hanyar WebUSB a 2017, sannan WebHID a 2021, don shafin intanet ya iya magana da na'ura kai-tsaye bayan ka zaɓe ta da hannunka a ɗan akwatin neman izini da ke fitowa. Masu Firefox da masu Safari suka ƙi, suka ce barin shafi ya taɓa kayan da ke jikin kwamfuta haɗari ne. Wannan ne dalilin da walat ke aiki a wata burauza ta ƙi a wata, ba lalacewa ta yi ba.

To amma ɓarawon ɗan aike yana da wata dabara: ya nuna maka takarda ɗaya, ya miƙa wata daban ta taga. A nan ne ɗan allon da ke jikin na'urar ya zama komai. Allon Trezor ta farko ɗigo 128 ne a kwance, 64 a tsaye, sai maɓallai biyu a ƙasansa. Adireshin Ethereum mai haruffa da lambobi 42 ma sai an karya shi layi-layi kafin ya shiga. Duk da ƙanƙantarsa, shi kaɗai ne allon da kwamfuta ba ta da ikon rubuta abin da ta ga dama a kai, kuma babu wata manhaja a duniya da za ta iya danna maɓallan nan in ba babban yatsanka ba. In babban allo ya ce wane za a biya, ƙaramin ya nuna wani adireshi daban, ƙaramin ne mai gaskiya.

Mai musu zai ce, ai kasuwar kirifto ta Bybit ma na'urorin nan suke amfani da su aka yashe su. Gaskiya ne, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. Ranar 21 ga Fabrairun 2025 aka kwashe Ethereum sama da 400,000 daga asusun ajiyar wannan kasuwa mai hedikwata a Dubai, kimanin dala biliyan 1.5, ɗaya daga cikin sace-sace mafi girma a tarihin kirifto, kuma hukumar FBI ta Amurka ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. Asusun yana buƙatar sa hannun mutum fiye da ɗaya. Ɓarayin ba su fasa ko na'ura ɗaya ba, ba su saci mabuɗin kowa ba. Kwamfutar wani injiniya na Safe suka kutsa, wato shafin da ake shirya cinikin a kai, suka cusa wani umarni da ba ya farkawa sai in Bybit ce ta zo. Masu sa hannu suka ga canjin kuɗi na yau da kullum a babban allo, alhali abin da ya isa na'urorinsu umarni ne na miƙa ragamar asusun gaba ɗaya. Shugaban kamfanin, Ben Zhou, ya faɗa da bakinsa cewa shi ne ya sa hannu na ƙarshe, da Ledger. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ta nuna abin da aka miƙo mata, sai dai a siffar tarin lambobin da ɗan Adam ba ya iya karantawa. Masu harkar suna kiran wannan sa hannun makanta. A ganina laifin a raba shi biyu: rabi na masu dannawa ba su gane ba, rabi na masana'antar da ta bar ciniki mai sarƙaƙiya yana bayyana a matsayin shirme a kan allon da aka ce a dogara da shi.

Shi kansa Ledger ya ɗanɗana. A Disambar 2023 an yaudari wani tsohon ma'aikacinsa aka shiga asusunsa, aka gurɓata Connect Kit, 'yar manhajar da shafuka da yawa ke amfani da ita wajen haɗa walat. Cikin sa'o'i kaɗan aka tafi da kusan dala 600,000, kuma duk wanda ya yi asara sai da ya danna maɓallin amincewa da kansa. Wasu kan ce to a cire kebul mana. Akwai masu wannan hanya: Keystone na musayar bayani ta hoton QR, Coldcard ta katin memori, ba sa taɓa kwamfuta ko kaɗan. Hakan ya toshe wasu kafofi, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin gurɓataccen ciniki yana shiga ta hoto kamar yadda yake shiga ta waya.

Wanda ya fi tsoron a sace na'urar kanta fa? Ledger na goge komai bayan an yi kuskuren lambar sirri sau uku. Trezor kuwa tana ninka lokacin jira a kowane kuskure, har ta share kanta a na 16. Ba a ce ba a taɓa karya su ba: a farkon 2020 masu bincike na kamfanin Kraken sun nuna cewa da minti 15 da kayan aiki za a iya zaro sirrin tsofaffin Trezor ta hanyar girgiza wutar da ke shiga ƙwaƙwalwarsu, kuma injiniya Joe Grand ya yi amfani da makamancin haka ya ceto wa wani da ya manta lambarsa kuɗi na kusan dala miliyan 2. Amma wannan sai na'urar na hannunka, ga gwaninta. Ɓarawo ya fi son hanya mai sauƙi, wato kalmomi 12 ko 24 da na'urar ke ba ka ranar farko, waɗanda ake tsamowa daga jerin kalmomi 2,048. Su ne mabuɗin a wata siffa. Bayan bayanan abokan cinikin Ledger sun fallasa a 2020, har da sunaye da adireshin gida na mutum kusan 272,000, wasu sun karɓi jabun na'urori ta gidan waya, a kwali mai kyau, da wasiƙar da ke cewa su shigar da kalmominsu a kwamfuta. Haɗi na ƙwarai ba ya taɓa neman kalmomin nan a burauza ko a manhaja.

Karanta allon ma yana da nasa tarkon, domin ido rago ne, farkon adireshi da ƙarshensa kawai yake dubawa. Ɓarayi sun san haka, sai su ƙera adireshi mai kai da wutsiya irin na wanda ka saba tura wa, su aiko maka da ɗan ƙwandala don ya bayyana a tarihin cinikinka, su jira ka kwafa. A Mayun 2024 wani ya tura kuɗi na kusan dala miliyan 68 ta haka. Bayan kwanaki ɓarawon ya mayar masa da su, lokacin da masu bin sawu suka matsa masa lamba.