Mai Kula da Gidan Zane-zane: Dillali Mai Ido

Mai zane kan yi wata da watanni yana fama da fenti a ɗakinsa, amma aikin ba ya zama abinci sai an samu wanda zai rataye shi a bango mai haske, ya yanka masa farashi, ya nemo mai saye. Aikin mai kula da gidan baje kolin zane-zane ke nan.

Daga nesa sana'ar kamar ta 'yan gayu ce, saboda abin da ake gani shi ne daren buɗe baje koli da manyan baƙi. Ainihinta kuwa lissafi ne da takardu. Mai kula da gidan ne ke ƙulla yarjejeniya da mai zane, kuma a al'adar wannan kasuwa gidan kan ɗauki kusan rabin kuɗin ciniki. Shi ke rubuta asalin kowane zane: wa ya yi shi, yaushe, hannun wa da wa ya bi. Zanen da ba shi da wannan asali, komai kyansa, mai kuɗi zai ja da baya don gudun jabu. Ga kuma yaƙi da laimar damina da ƙurar hunturu, waɗanda ke cin zane a hankali.

Digiri a tarihin zane yana taimakawa, amma ba shi ne sharaɗi ba. Nike Davies-Okundaye a gida ta koyi rini da saƙa. A 1983 ta buɗe cibiyar koyar da sana'a a Osogbo, a 2009 kuma ta buɗe gidan zane-zane mai hawa biyar a Lekki, Legas. Idonta da amanar da masu zane suka ba ta su ne jarinta.

Kuɗi kam akwai. A 2018 an yi gwanjon zanen "Tutu" na Ben Enwonwu a Landan kan fam miliyan 1.2.

Abin da ke damuna shi ne Zariya. Can Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da abokansu suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, kuma har gobe Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye gwanaye. Amma yawancinsu sai sun ɗauki aikinsu zuwa Legas ko Abuja kafin su samu mai sayar musu. Masu zane muna da su. Dillalansu ne suka yi mana ƙaranci a Kano da Kaduna.