Me Ya Sa Mai Tarin Fuka Yake Barin Magani Tun Bai Warke Ba?



Bara, wajen ƙarshen rani, wani ɗan ƙungiyarmu ya yi ta tari har ya rame. Matarsa ta matsa masa ya tafi asibiti, aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne, wanda ake kira tibi. Aka ba shi magani kyauta, aka gaya masa wata shida zai yi yana sha. Ya sha wata biyu da 'yan kwanaki. Tari ya lafa, abinci ya soma shiga, sai ga ruwan shuka ya sauka. Tun daga ranan nan bai sāke taka asibiti ba. Da kaka ta yi tarin ya dawo, har ya fi na dā.

Da muka zauna taro wasu suka ce taurin kai ne, wasu suka ce jahilci. Ni dai ban yarda ba. Mutumin nan shi yake karanta mana takardun bashin taki, kuma ba abin da aka ɓoye masa a asibiti. Ya sani sarai. To, me ya hana shi?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun likitoci da masu aikin jinya, ba a ƙasarmu kaɗai ba. A Amurka, cikin shekarun 1950, hukuma ta riƙa aika motoci unguwa unguwa ana ɗaukar hoton ƙirji kyauta don a gano masu tarin fuka, amma mutane da yawa suka ƙi fitowa. Wani masani, Godfrey Hochbaum, ya bi wajen mutum 1,200 da tambaya, ya buga abin da ya samu a 1958. Cikin waɗanda suka gaskata cutar tana iya kama su, suka kuma gaskata gano ta da wuri yana da amfani, 82 cikin 100 sun je an ɗauki hotonsu. Cikin waɗanda ba su gaskata ko ɗaya ba, 21 ne kawai.

Daga nan aka gina wata koyarwa da ake yi wa ɗalibai a makarantun jinya har yau. Ta ce kafin mutum ya bi umarnin asibiti yakan auna abu huɗu a zuci, ko da bai faɗa ba. Cutar nan za ta iya kama ni? In ta kama ni, babba ce? Abin da aka ce in yi zai amfane ni? Sa'an nan me zai ci mini? Daga baya aka ƙara na biyar, watau ko mutum yana ganin zai iya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka kowannenmu ya auna sabon irin masara kafin ya karɓa, kome daɗin bakin malamin gona.

Mu ɗora ɗan'uwan nan a kan wannan ma'auni. A watan fari jikinsa ne yake ba shi amsa, tari da zufar dare sun ishe shi shaida. A wata na uku shaidar ta tafi, ya ga kamar ya warke. Amma abin da maganin yake ci masa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi: kuɗin babur zuwa asibiti da dawowa, da yini guda cur a lokacin noman fari, sa'ad da yini ɗaya yake daidai da mako. Ga kuma kunya, don duk wanda ya gan shi a layin karɓar magani ya san abin da yake damunsa. Ma'auni ya rinjaya wajen bari.

Abin da bai kama ba shi ne yadda maganin yake aiki, kuma a nan ina ganin mu masu bayani muke da laifi, don mukan ce "wata shida" mu yi shiru. Wata biyu na fari ana shan magani iri huɗu, su ne suke kashe ƙwayoyin cutar masu yaɗuwa da sauri, shi ya sa ake jin sauƙi. Akwai saura kuwa da suke kwance a huhu, sai sannu sannu magani yake samunsu, domin su ne ake ƙara wata huɗu da magani iri biyu. Wa ya taɓa yin noman fari, ya ga gona fes, ya ce ba sauran maimai? Wani abin tsoro kuma, shan magani ana tsallakewa yakan bar ƙwayoyin da ba sa jin maganin, sai an koma wani mai wuya. Duk wannan lokaci iyali suna shaƙar iskar ɗaki ɗaya da shi.

Nas da ta san aikinta ba ta soma da faɗa. William Miller, wanda ya yi aiki da mashaya giya a Amurka, ya rubuta a 1983 cewa in ka matsa wa mutum da hujja sai ya ɗauki ɗaya gefen ya yi ta kāre kansa, in kuwa ka tambaye shi ka saurara, da bakinsa zai kawo dalilin sāke hali. Maimakon "Don me ka ƙi zuwa?" sai ta ce, "Baba, me ya fi ba ka wuya cikin shan maganin nan?" Ku tuna da Na'aman. Ya juya cikin fushi zai koma gida da kuturtarsa, barorinsa ne suka lallashe shi da tambaya guda har ya shiga Urdun. Wasu masana biyu kuma, Prochaska da DiClemente, sun lura da masu barin taba, suka ga sāke hali mataki mataki ne, daga wanda bai ko yi tunani ba har zuwa wanda ya riƙe, kuma da yawa sukan koma baya kafin su tsaya. Wanda ya faɗi, ashe, bai fita daga hanya ba.

Ƙorafina da koyarwar nan shi ne tana duban mutum kamar shi kaɗai yake yanke shawara. A ƙauye ba haka ba ne. Mace ba ta tafiya asibiti sai maigida ya yarda ya ba da kuɗin mota, sau da yawa ma sai uwar miji ta sa baki. Shi ya sa gwajin Kurt Lewin ya fi kama da namu. Lokacin yaƙin duniya na biyu nama ya yi wuya a Amurka, aka so matan gida su riƙa dafa kayan ciki, abin da suke ƙyama. Wasu aka yi musu lacca mai kyau, 3 cikin 100 suka dafa. Wasu aka bar su suka tattauna a tsakaninsu, suka faɗi abin da yake hana su, suka ɗaga hannu a gaban juna, 32 cikin 100 suka dafa. A Garkida ma, cikin shekarun 1970, shirin kiwon lafiyar karkara na ikilisiya ya koya wa mutanen da ƙauyuka suka zaɓa da kansu su koyar da lafiya ta hanyar labari da waƙa. Kurkunu kuwa, wadda ba ta da magani ba ta da rigakafi, an ƙirga fiye da mutum 650,000 da ita a Nijeriya a 1988, aka ga ta ƙarshe a 2008, kuma babban makamin shi ne tace ruwa da ƙyalle da mutanen gari masu tsaron tafki.

Ga abin da ƙungiyarmu ta yanke bayan muhawara mai zafi, don akwai waɗanda suka ce asusu na taki ne, ba na asibiti ba. Duk ɗan ƙungiya ko iyalinsa da aka sa wa maganin wata shida, asusu zai biya masa kuɗin babur ranar karɓar magani, ya rama da hatsi bayan girbi. In ranar ta faɗo cikin damina, za a yi masa gayya. Shi da kansa zai zaɓi mutum ɗaya da ya amince da shi, wanda zai gan shi yana haɗiye magani kowace safiya ya yi alama a kati. Ba za a ambaci sunansa a sanarwar majami'a ba sai da yardarsa. Wanda kuma ya yi mako biyu yana tari, za a raka shi gwaji.

Ɗan'uwan namu ya koma asibiti, gwaji ya nuna ƙwayoyin suna jin magani tukuna, mun gode Allah. Sai dai an mai da shi farko. Yanzu yana wata na huɗu, an kuma gwada matarsa da 'ya'yansa uku. Ƙanensa ne yake riƙe da katin, gayyarsa kuwa ranar Asabar ce, kowa ya zo da fartanyarsa.